Mai Kokon da Na Kora Daga Bakin Bene

Ban rubuta komai ba a lokacin da abubuwan nan suke faruwa, kuma kwanan nan na lura ina haɗa abin da ya auku a damina ɗaya da na wata daminar. Saboda haka inda na ce wata uku, mai yiwuwa huɗu ne, kuma maganganun da na sa a bakin mutane ba lalle kalma da kalma haka suka faɗe su ba. Na yi iyakar ƙoƙarina kada in ƙara wa kowa abin da bai ce ba.

Abin da ya sa na zauna rubutun shi ne samarin da ke zuwa ofishina a unguwar Nima suna neman in koya musu dillancin shaguna. Kusan dukansu da magana ɗaya suke zuwa. Wani ya taɓa ce mini, yana dariya, "Yaya, aikinku ai ba aiki ba ne. Ka ɗauki hoton shago, ka sa a waya, ka karɓi la'ada." Ni ma da irin wannan tunani na shigo, sai dai nawa ya fi nasa muni, domin ni da takardar jami'a na zo.

Na karanta kimanta filaye da gine-gine. Bayan na gama na yi kusan shekara biyu ina kai takardu ofisoshin cikin gari ba a kira ni ba, sai mahaifiyata ta kai ni wurin Baba Sule, tsohon dillalin shaguna wanda ofishinsa benci ne a gefen wani kantin magani. Shi ya sa mini suna Kiraci, kalmar da masu yaren Tuwi ke kiran ɗan boko mai aikin alƙalami da ita, kuma har yau da sunan aka san ni.

Aikin farko da muka je tare wani shago ne a titin kasuwar Nima. Na fito da tef ɗin awo, na auna tsawo da faɗi da tsayin rufi, na rubuta. Da na fito sai na tarar Baba Sule ya tsallaka titi ya zauna a kan dutse yana cin goro. Mun fi awa ɗaya a wurin. Daga ƙarshe ya ce, "To Kiraci, me ka gani?" Na karanta masa lambobina. Ya ce, "Madalla. Yanzu gaya mini, da rana ta karkata, wane gefe mutane ke bi?" Ban sani ba. Gefen inuwa suke bi, kuma shagon namu yana gefen rana. Ya nuna mini inda trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ke tsayawa ta sauke fasinja, ya nuna mini kwatar da mace mai ɗauke da kaya a ka ba za ta yarda ta tsallaka ba. Ya ce tela zai iya zama a shagon, don mai ɗinki neman telansa yake yi, amma mai kayan masarufi ba zai kai shekara ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai tarin makullai, kowanne da ƙyallen atamfa mai launi dabam a ɗaure, don bai yi boko ba. Akwai baƙin mai a cikin kwalbar maganin tari, na zuba wa kwaɗo da ƙarfen ƙofar ja. Akwai alli, da ƙaramar tocila ta duba rufi ko yana yoyo, da lema. Ni na ƙara tef da littafi da waya. A yau in za a tilasta mini in ajiye wasu, ina jin tef ɗin zan fara ajiyewa, ko da yake ba na cewa ba shi da amfani.

Masu neman shago kuwa kowa da abin da yake dubawa, kuma ba kasafai suke faɗa ba. Na tuna wani mai albasa daga kasuwar Agbogbloshie da na kai wani sito a unguwar Alajo, mai faɗi, mai sabon siminti, daidai girman da ya nema. Ya shiga, ya ce in ja ƙofar in rufe shi a ciki. Bai yi minti biyu ba ya buga. Ya ce, "Ba iska. Kwana goma kayana sun zama ruwa." Mai firijin kifi wutar unguwa take tambaya. Mai kantin magani yana so ya san ko akwai asibiti kusa. Wanda ke sari a kasuwar Makola yana duba ko mota za ta iya juyawa a bakin ƙofa.

Akwai abu ɗaya na Baba Sule da na ɗauka ɓata lokaci ne. Ba ya wuce mace mai tebur a bakin titi bai tsaya ba. Mai koko, mai lemu, mai gasa ayaba, duk sai ya gaishe su, ya tambayi yara, ya tsaya ana hira. Tafiyar minti goma sai ta ci mana awa. Ni ina tsaye a gefe ina duba agogo. Bai taɓa yi mini bayani ba, ni kuma ban tambaya ba. Da ƙafafunsa suka gaza ya koma garin Salaga wurin 'yarsa, ya bar mini makullan da ƙyallayensu.

Babban aikin da na samu bayan tafiyarsa shi ne benen Alhaji Mutawakilu a unguwar Maamobi, shago takwas a ƙasa, ofisoshi a sama. Alhaji ɗan unguwar ne, amma ya fi shekara ashirin a Jamus. A filin tsohon gidan mahaifiyarsa aka yi ginin, da kuɗin da yake turowa, kuma tun da aka sa harsashi bai zo gida ba. A hoto yake ganin benensa. Ni nake ɗaukar hotunan, kuma da la'asar nake ɗauka, lokacin da bakin ginin ya yi fili. Wannan bene shi ne sunana a sana'ar. Saboda shi ne wasu masu gidaje uku ko huɗu suka ba ni nasu makullan.

A bakin benen, daga asuba zuwa hantsi, Mma Adiza ke sayar da koko da ƙosai. Tsohuwa ce 'yar Bawku, mai ƙaramin jiki da babbar murya. Hausarta irin ta unguwar ce, wadda ba ta bambanta mace da namiji. Kusa da ita akwai mai gyaran takalma da wata mai lemu. Kullum da safe layi ne a gabanta: leburori, 'yan kaya, direbobi, mata da kwanoni. Ni ma shekaru ina shan kokonta.

Sai mummunar shekarar ta zo. Aka kulle gari saboda annoba, aka buɗe, kafin mutane su farfaɗo kuma kuɗin ƙasarmu, sidi, ya yi ta faɗuwa. Wanda ya sayar da kayansa ba ya iya sake saro wasu. Makullai suka fara dawowa hannuna. A benen Alhaji shago huɗu suka rage da mutane. Dillalan da muke zama tare suka watse, ɗaya ya koma tuƙin haya, ɗaya ya yi tafiya ƙasar Larabawa, ɗaya ban san inda ya shiga ba.

Na yi lissafi irin na makaranta. Na ce ƙananan 'yan kasuwa suna mutuwa, saboda haka manya ya kamata in nema: babban kantin magani, ɗakin gwajin jini, ko reshen ƙaramin banki. Wata safiya wani mutum mai laktaye ya zo a mota daga cikin gari. Ya dubi ginin, ya yaba. Sai ya dubi bangon da hayaƙi ya baƙanta, da ruwan wanke-wanke, da layin mutane, ya ce da Turanci bakin ginin bai dace da su ba. A ranar na rubuta wa Alhaji rahoto mai shafi uku. Na ce akwai masu tebur uku a bakin gini da ke rage masa daraja, na ba da shawarar a tashe su, a shimfiɗa tayil, a ja sarƙa. Ya turo saƙon murya: "Kiraci, ka yi kawai. Ka mayar da wurin kamar na Turai."

Takarda na buga na kai wa Mma Adiza, da wa'adin sati biyu. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta juya ta gaba da baya.

"Wannan mene ne, ɗana?"

Na yi mata bayani, ina ta cewa ba ni ba ne, tsari ne, kuma wataƙila na ɗan lokaci ne.

"Takarda ka kawo mini? Ni?" Ta yi dariya kaɗan. "Hajiya ya ba ni wurin nan tun ba a haife ka ba. Uwan mai benen nan. Da bakinsa ya ba ni."

Na ce na gane, amma Hajiya ta rasu, kuma babu wani rubutu.

"Babu rubutu," in ji ta. "To. Ƙosai nawa za a sa maka?"

Ba ta yi faɗa ba. Ba ta ma cika wa'adin ba. Ranar Juma'a aka kwashe tukwanenta aka tsallaka titi da su, wani mai shagon kayan gini ya ba ta gefen barandarsa. Mai takalma da mai lemu suka bi ta. Maganar da ta faɗa game da Hajiya ban isar wa Alhaji ba. Na ga kamar ba ta cikin abin da ake sawa a rahoto.

Aka shimfiɗa tayil, aka kafa ƙarafa aka ja sarƙa, na sayo tukwanen fure biyu. Mai laktaye bai dawo ba, kuma bayan kira na uku ya daina ɗaukar wayata.

Wanda ya fara tashi shi ne mai kayan masarufi na shago na biyu. Ashe rabin cinikinsa na safe ne, burodi da sukari da madara ga masu sayen koko. Sai mai tura kuɗi ta waya, wadda leburori ke tsayawa wurinta bayan sun karya. Sai tela. Cikin wata uku, in ban yi kuskure ba, mutum ɗaya ya rage a ƙasan benen, Malam Hamidu, mutumin Tawa ta Nijar, mai sayar da tabarmi da butoci da carbi.

Wani abu kuma ya tsaya wanda na daɗe ban lura ba. A da, ina cikin tafiya mai lemu za ta kira ni, "Kiraci, wance yana neman shago," ko "Mai gidan can zai tashi ɗan hayarsa ƙarshen wata." Yanzu shiru. Ba wanda ya zage ni. In na yi gaisuwa ana amsawa, gajeriya, a ci gaba da abin da ake yi. A lokacin ne na gane abin da Baba Sule ke tsayawa karɓa a gaban tebura. Ba a sa irin wannan labari a waya. Wanda kasuwa ta karye masa ba ya shela, maƙwabciyarsa ce ke sani.

Ga yadda kwanakina suka kasance a watannin nan, don masu cewa aikin sauƙi ne. Shagon da ba kowa ba a barinsa a rufe. In ya daɗe a rufe, danshi na cin fenti, ɓeraye na shiga, masu talla na manna takardu a ƙofa, kuma mafi muni unguwa na sa masa suna, a ce wurin ba ya karɓar ciniki. Saboda haka bayan sallar asuba nakan zo in ɗaga ƙofofi bakwai ɗaya bayan ɗaya, in zuba mai, in share, in ba furanni ruwa. Sannan in ajiye kujerar roba a kan tayil in zauna, ina kallon layin mutane a ɗaya gefen titi. Da la'asar in sauke ƙofofin. Abincin rana a Alajo nake ci, inda ba a san ni sosai ba. Akwai ranakun da in aka cire Malam Hamidu da liman, ban yi magana da kowa ba.

Sai Alhaji ya turo saƙo cewa zai zo gida Babbar Salla. Ya ce in ya tarar da benen a haka, zai ba wani kamfanin cikin gari makullan. Na san in benen ya fita hannuna, sauran masu gidajen za su bi.

Malam Hamidu ne ya faɗa mini abin da kowa ya sani. Yana kakkaɓe tabarmi ya ce, "Malam Kiraci, wanga wuri ba tayil ya rasa ba. Ka tafi ka ba tsohuwa haƙuri."

Washegari na tsallaka titi, na shiga layi. Da aka zo kaina na durƙusa na fara magana. Ta zuba mini koko, ta karɓi kuɗina, ta ba ni canji.

"Wa ya rako ka?"

Na ce ni kaɗai ne.

"To ka sha kokonka tun da zafi. Na baya, matso."

A Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, wanda ya yi wa babba laifi ba ya zuwa ban haƙuri shi kaɗai. Dattijo ke kai shi, shi ya yi magana, mai laifi yana ƙasa. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa zaton zai shafi aikina ba. Na zauna da littafina ina rubuta sunayen waɗanda zan iya roƙa. Mahaifina ya rasu. Baffannina suna Kumasi. Baba Sule yana Salaga, ba ya iya tafiya. Dattawan masallacinmu ina gaishe su, amma ban taɓa zama da ɗayansu ba. Shekara takwas ko tara a sana'a, na rasa mutum ɗaya da zan rubuta ban soke ba. Na yi sati guda kafin in iya buɗe baki in roƙi ɗan hayata.

Malam Hamidu ya yarda ya raka ni. Ya rufe shagonsa da la'asar, ya sa babbar riga, ya sa na sayi goro. Muka bi lungunan Nima zuwa ɗakin Mma Adiza. Na tsuguna a bakin ƙofa, shi ya yi magana, doguwa, da Hausar da ta fi tawa nauyi. Ya ce yaro ne, karatu ya yi masa yawa. Ta saurara har ya gama.

"Malam, don kai na yafe," in ji ta. "Amma ba ni komawa. Mutumin can ya karɓe ni ranar da aka zubar da ni a titi. In tashi in bar shi don an kawo goro?"

Ta juyo gare ni. "Kiraci, 'yar ƙanwata Fusena yana dafa tuwo, ba shi da wuri. Ka cire sarƙan nan. Kai da hannunka, da rana, mutane suna gani." Na ce to. Har mun miƙe ta ƙara da cewa akwai wata Hajiya Memuna mai firijin kifi a Alajo da ruwa ya shiga shagonta sau biyu, tana neman tudu. Wannan ne labari na farko da aka ba ni cikin wata biyar.

Na cire sarƙar da hantsi, da aron guduma, mutanen layin koko suna kallo. Wani direba ya ɗaga murya, "Kiraci, Turai ya ƙare?" Aka yi dariya. Sau uku ina rubuta wa Alhaji saƙo ina gogewa, a ƙarshe ban tura ba. Fusena ta kafa murhunta. Hajiya Memuna ta kama shago na ɗaya, wani tela ya kama na biyar. Kafin Salla shago uku ke buɗe cikin takwas, ana kuma maganar na huɗu.

Alhaji ya iso ana saura kwana biyu Salla, da hantsi. Ya sauka daga mota ya ga hayaƙi a kan tayil ɗinsa.

"Kiraci, mene ne wannan? Ina sarƙar da na biya?"

Na fara bayani, ina jin na faro daga nesa. Ya katse ni, ya nuna Fusena. "'Yar wa ce?"

Na ce 'yar ƙanwar Mma Adiza ce.

"Wace Mma Adiza? Mai koko? Yana da rai?"

Na nuna masa tsallaken titi. Tana can tana kankare tukunya.

"Me yake yi a can? Nan ne wurinsa."

Na ce tana cikin ukun da aka tasa.

Ya tsallaka titi bai ko duba mota ba, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanta da farar shaddarsa a kan jiƙaƙƙen siminti. Ban ji abin da suka ce ba. Na ga ta dafa kansa, na ga ta kankaro ɗan abin da ya rage a tukunya ta ba shi, ya sha a tsugune. Daga baya aka gaya mini ita ta riƙa ba shi koko kyauta duk shekarun da yake makarantar firamare.

Da ya dawo ya miƙo hannu. "Shafi uku ka rubuta mini, Kiraci. Shafi uku. Ba ka sa sunansa ba."

Na kwance makullan daga ƙyallayensu na ba shi. Cikin wata guda biyu daga cikin sauran masu gidajen suka karɓi nasu.

Ban bar sana'ar ba. Hajiya Memuna ta ba ni tsohon shagonta na Alajo in nema mata ɗan haya, na samo mai sayar da bulo wanda ruwa bai dame shi ba, daga nan na sake farawa da kaɗan-kaɗan. Yanzu ina riƙe da gine-gine da suka fi wancan girma. Duk wanda ya zo koyo wurina, aikinsa na farko shi ne ya je ginin da asuba, ya dawo mini da sunan kowane mutum da ke zaune a bakinsa, da wanda ya ba shi wurin. Wasu sun ga raini ne, ba su dawo ba.

Akwai wuri ɗaya da har yanzu ban tabbatar ba. Wasu a Maamobi suna cewa Alhaji ya san ko wace ce tun farko, kunya ce ta kama shi da ya gan ta ido da ido, sai ya ɗora mini. Ni ban ga alamar haka a fuskarsa ba, amma a ranar ban cika ɗaga kai ba. Mma Adiza ta koma Bawku, na ji ta rasu. Malam Hamidu ya koma Tawa, lambarsa ba ta shiga. Saboda haka ina roƙon duk wanda yake tsaye kusa da tukunyar a wannan hantsi, ya ji abin da suka faɗa wa juna, ko ya ga na karkatar da wani abu don in rage wa kaina laifi, ya aiko mini ko ya tsayar da ni a hanya ya gyara mini. Zan rubuta gyaran yadda aka faɗe shi, tare da sunan wanda ya faɗa.